Kalmar "kyau" a Sinanci da abin da take jawo wa 'yan kasuwarmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon fili in ja hankalin 'yan'uwana mazauna zangunan Kumasi, musamman masu sayo kaya daga ƙasar Sin da samarin da ke aiki a ƙarƙashin Sinawa, a kan wata kalma da kusan kowa ya haddace amma kaɗan ne suka san iyakarta.

Duk wanda ke zama a shagunan Adum da Kejetia da Alabar, ko wajen masu kayan gyaran babur a Suame Magazine, zai ji ta a bakin masu magana da dillalansu na Guangzhou da Yiwu ta WeChat. Kalmar ita ce piàoliang, a rubutunsu 漂亮. Atamfa piàoliang, tayal piàoliang, waya piàoliang, har abinci da karatun Alƙur'ani akwai masu cewa piàoliang. Dalilin a fili yake. A Hausa "kyau" ta haɗa komai: yarinya mai kyau, mota mai kyau, hali mai kyau, aiki mai kyau. Idan Alhaji ya ce a kawo masa kaya mai kyau, yana nufin mai ƙarko wanda ba zai ba shi kunya a gaban abokin ciniki ba. Basine kuwa idan ya ji piàoliang, abin da ido ke gani kawai ya fahimta. A nan kuɗin mutanenmu ke salwanta, kuma shi ne babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Bari in fara da furuci, domin Allah ya ba Bahaushe wata dama da Bature ba shi da ita. Sinanci harshe ne mai karin sauti, haka Hausa, haka ma Twi da muke ji kullum a kasuwa. Sinancin Mandarin yana da kari huɗu da wani na biyar marar nauyi. Na ɗaya sama yake ya miƙe (ā), na biyu yana hawa (á), na uku yana ƙasa (ǎ), na huɗu yana faɗowa daga sama (à). Ka ce "kyau" ka saurari muryarka, za ka ji ta fara sama ta faɗo. Wannan shi ne kari na huɗu. Cire k ɗin ka sa p, ka ce "pyau" da irin wannan faɗuwa, ka riga ka furta piào daidai. Gaɓa ta biyu, liang, ana faɗinta gajeriya ba nauyi, kamar "lyang". Mutanen Taiwan sukan ba ta cikakken kari, amma a babban yankin Sin sassauta ta ake yi.

Abubuwa biyu ke ɓata furucin. Na farko p ɗin. Wanda ya saba mayar da p zuwa f zai ce "fyau", kuma Basine ba zai gane ba. Wanda ya faɗi p ba tare da iska ba, za a ji kamar ya ce biao, wata gaɓa dabam. Ga yadda ake gwadawa: riƙe fallen takarda tazarar yatsu uku daga leɓenka ka ce piào. In takardar ba ta motsa ba, da saura. Na biyu karin. Harafin 漂 yana da karatu uku. Da kari na ɗaya, piāo, yana nufin yawo a kan ruwa. Da na uku, piǎo, yana nufin ɗauraye tufa ko fitar da launinsa da sinadari. Sai da na huɗu yake shiga piàoliang.

Akwai wata tangarɗa da ta keɓanta ga Bahaushe. Mu idan n ta zo a ƙarshen kalma, kamar "nan" da "can", a maƙogwaro muke ƙarasa ta, tamkar ng. Wannan yana taimakonmu a liang, amma yana cutar da mu a kalmomi irin hǎokàn da hěn da zhēn, domin Sinanci ya bambanta n da ng. A waɗannan dole kan harshe ya taɓa bayan haƙoran sama ya tsaya a can. Sannan Hausa ba ta da kari mai hawa, saboda haka na biyu shi ne mai neman atisaye. Měi da kari na uku kyau ne, méi da na biyu "babu" ne, mèi da na huɗu ƙanwa ce. Kuma ɗan kasuwa ya kiyaye wannan: mài, da karin "mai" na girki, sayarwa ne, mǎi da murya ƙasa kuma saye.

Yanzu ga wace kalma ta dace da wane abu. Piàoliang ta dace da mace, tufafi, gida, mota, rubutun hannu, duk abin da ya ɗauki ido. Harafinta na biyu, 亮, haske yake nufi, kuma akwai wannan ɗanɗano na ƙyalli a cikinta. Ana kuma amfani da ita ga aikin da aka yi da gwaninta. Ɗan ƙwallo ya ci ƙwallo mai ban sha'awa, mai sharhi zai ɗaga murya ya ce piàoliang. Injiniya ya duba ginin da birkila ya gama ya ce gàn de piàoliang, wato aikinka ya yi. Namiji baligi ba a ce masa piàoliang, sai dai shuài (帅), ana furta ta kamar "shwai" da kari mai faɗowa. In ka miƙar da karin ka ce shuāi, ka koma zancen faɗuwa ƙasa ko rashin sa'a. Jariri da ƙaramin yaro kě'ài (可爱) aka fi ce musu.

Wadda nake ba mai koyo shawarar ya fara riƙewa ita ce hǎokàn (好看), wato "mai daɗin kallo". Ta shiga mace, ta shiga namiji, ta shiga takalmi da fim da littafi, kuma ba ta da nauyin da zai sa a yi maka wata fassara. Bugu da ƙari tana buɗe ƙofar 'yan'uwanta, domin hǎo ɗin nan ana manna ta a gaban aikatau: hǎotīng ga abin da kunne ya ji daɗinsa kamar ƙira'a ko waƙa, hǎochī ga abin ci, hǎohē ga abin sha, hǎoyòng ga kayan aiki mai daɗin amfani. Kishiyarta nánkàn, mummuna. Akwai chǒu ma, amma ta yi kaushi, kuma in karin ya zame ta koma chòu ka ce abu yana wari. A kula da wani amfani guda: in rai ya ɓaci aka ce maka yào nǐ hǎokàn, barazana ce, daidai da "za ka gani".

Měi (美) da měilì (美丽) sun fi zurfi. Da su ake siffanta tsauni da tafki da gari da zuciya, da su ake rubuta waƙa da jawabi. Za ka iya cewa tafkin Bosomtwe hěn měi, kuma ka yi daidai. In ka ce wa kwalin silifas měilì, ka yi amfani da babbar riga wajen share tsakar gida. Ga kaya da gini akwai měiguān (美观), kyan fasali, da jīngměi (精美), aikin da aka ƙawata a tsanake, wadda za ka yawan gani a tallar kwalaye da kayan kyauta. Harafin 美 kansa zane tara ne, kuma in ka duba za ka ga 羊, tunkiya ko rago, a kan 大, babba. Tsohon ƙamus ɗin da Xu Shen ya kammala wajen shekara ta 100 miladiyya ya fassara shi da daɗin ɗanɗano, ya danganta shi da babban rago. Wasu masanan baya sun ce asalinsa hoton mutum ne da adon ƙaho ko gashin tsuntsu a kansa. Ko wanne ne, wanda ya taɓa zaɓen ragon layya ba zai sha wahalar tuna siffar harafin ba, kuma tunawar tana da amfani, kamar yadda za a gani.

Ginin jimla ba shi da wuya, amma akwai kuskuren da kusan kowane sabon shiga ke yi. Ba a sa kalmar shì, wadda ke daidai da "ne" ko "ce" a Hausa, tsakanin suna da siffa. Ana cewa zhège hěn piàoliang, wannan yana da kyau. Hěn ɗin nan a ƙamus "sosai" ce, amma a nan cike gurbi take yi. In ka cire ta ka ce zhège piàoliang, mai sauraro zai ji kamar kana kwatanta shi da wani, wato wannan ne mai kyau, wancan ba shi da shi. In kana son ƙarfafawa da gaske sai ka ce zhēn piàoliang ko tài piàoliang le. Korewa bù ce, sai dai a gaban kari na huɗu tana hawa ta zama bú piàoliang, alhali a bù hǎokàn tana nan yadda take. Haka idan kari na uku biyu suka haɗu, na farkon yana hawa: ana rubuta hěn měi amma ana furta hén měi. Wajen kwatanci ana cewa zhège bǐ nàge hǎokàn, wannan ya fi wancan kyau, kuma ba a sa hěn a ciki. Siffa a gaban suna tana ɗaukar de: piàoliang de yīfu, tufafi masu kyau.

To ga inda kuɗi ke shiga. Hajiya a Aboabo tana son atamfa, ta tura wa dillali saƙon murya tana cewa a zaɓo mata mai piàoliang. Dillali ya shiga kasuwa ya zaɓo mai launi mai ɗaukar ido, ya turo hoto a ƙarƙashin fitilar shago, ta ce ya yi, ta biya. Kwantena ta sauka a Tema, kaya suka iso Kumasi, aka yi wankin farko ruwa ya koma ja, zanen kuma ya tsuke. In aka yi ƙorafi dillali zai ce abin da aka nema ya kawo, kuma a harshensa bai yi ƙarya ba. Kalmar da ya kamata ta fito ita ce zhìliàng (质量), inganci. Kunne zai ji liang a duka biyun, amma harafi dabam ne, ma'ana dabam. Tare da ita akwai jiēshi, mai ƙwari, da nàiyòng, mai daɗewa ana amfani da shi.

Ko zhìliàng ɗin ma ita kaɗai ba ta isa ba, domin babu mai sayarwa a duniya da zai ce kayansa ba su da inganci. Tambayoyin da ke aiki su ne waɗanda amsarsu ke da ma'auni. Ga yadi: huì diàosè ma, zai zuba? Huì suōshuǐ ma, zai tsuke in an wanke? Shì chúnmián de ma, auduga ce zalla? In ba ita ba ce za ka ji dílún, wato zaren roba. Tambayi kèzhòng (克重), nauyin giram a kowace murabba'in mita, da fúkuān, faɗin yadin. Tabbatar ko farashin na mǎ (码) ne, wato yadi, ko na mǐ (米), mita, tunda yadi ɗaya mita 0.9144 ne, kuma yadi shida bai wuce mita 5.49 ba. Duka biyun kari na uku ne kuma a saƙon murya suna iya rikicewa, saboda haka a rubuta su. Ga takalmi da jaka tambayi ko zhēnpí (真皮) ne, fatar gaske. Ga tayal na Foshan duba ko an buga 优等品 a kwalin, wato lamba ɗaya.

Sannan a nemi yàngpǐn (样品), samfur, a gwada shi a nan gida kafin a biya sauran kuɗi. Jiƙa farin ƙyalle ka goga a kan zanen sau goma da ɗan ƙarfi. In launi ya hau, zai zuba. Auna mita ɗaya ka yi alama da biro, ka wanke, ka shanya, ka sake aunawa. Yanki santimita 10 tsawo da 10 faɗi ka ɗora a ma'aunin masu zinariya, ka ninka abin da ya nuna sau 100. In ya nuna giram 1.2, kèzhòng ɗinsa 120 ne, sai ka gwada da abin da aka faɗa maka. Zare zare kaɗan ka kunna masa ashana: auduga tana ci da warin takarda ta bar toka mai laushi, zaren roba kuwa narkewa yake ya dunƙule ya zama baƙin ƙulli mai tauri. In samfur ya wuce, a raba shi biyu, kowa ya sa hannu a kan rabin ɗan'uwansa, kuma a rubuta wannan jimla a takardar oda: dàhuò yào gēn yàngpǐn yíyàng (大货要跟样品一样), wato kayan da za a loda su zama daidai da samfur.

Wajen ciniki ma kalmar tana iya cin mai ita. Kowa ya san ba a yabon akuya a gaban mai ita kafin a yi tayi, amma sai ka ga mutum ya shiga shago a unguwar Xiaobei ko Sanyuanli a Guangzhou, murnar ya iya Sinanci ta sa ya ce tài piàoliang le tun kafin ya ji farashi. Abin da ya dace shi ne hái kěyǐ ko hái xíng, ba laifi, ko yìbān, haka-haka. Bayan an faɗi kuɗi sai tài guì le, ya yi tsada, da piányi yìdiǎn, a rage. In tayinka ya yi ƙasa ƙwarai za a iya ce maka xiǎng de měi. Ko da yake měi na ciki, ba yabo ba ne, ma'anarsa mafarki kake yi. Haka piàolianghuà (漂亮话) tana nufin daɗin baki da ba aiki a bayansa. Rubutun 物美价廉 da ke jikin shaguna, kaya mai kyau farashi mai sauƙi, kirarin talla ne kawai.

Na ce tuna siffar 美 tana da amfani. Sinawa suna kiran Amurka Měiguó (美国), sun ɗauki harafin ne saboda sautinsa, kuma daga nan dalar Amurka ta zama měiyuán (美元) ko měijīn (美金). Saboda haka in ka ga 美 kusa da lamba a takardar kuɗi, da dala ake magana. In 元 ne shi kaɗai, ko 人民币, ko alamar ¥, kuɗin Sin ne, wato yuan. A 'yan shekarun nan dala ɗaya tana kusan yuan bakwai, ka ga harafi guda ya isa ya ninka lissafi sau bakwai.

Wuri na biyu da tuna harafin 美 ke da amfani ya shafi iyayenmu mata da masu sayar da kayan kwalliya. Měiróng (美容) gyaran jiki ne, měifà (美发) gyaran gashi, amma měibái (美白) a jikin kwalbar man shafawa yana nufin mai haskaka fata. Ba kowane mai wannan rubutu ne ke da guba ba, sai dai ya wajaba a duba abin da aka haɗa shi da shi. In an ga 氢醌 ko 对苯二酚, hydroquinone ke nan, wanda Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Ghana ta hana a kayan shafe-shafe tun 2016. Harafin 汞 kuma zaiba ce. Mai shigo da irin wannan yana iya rasa kayansa a tashar jirgin ruwa, abin da ya fi wannan muni kuma ya ɓata fatar 'yar wani.

Saura batun kira da ladabi. A kasuwannin Sin za ka ji ana kiran 'yar shago měinǚ (美女), saurayi kuma shuàigē (帅哥). A Guangzhou, inda harshen Kantonis ke da ƙarfi, liàngnǚ da liàngzǎi sun fi yawa. A can waɗannan kira ne kawai na jan hankali, ba su da nauyin "kyakkyawa" a kunnenmu. In an kira Hajiya měinǚ kada ta ɗauka raini ne. Duk da haka ba na ba dattijo ko magidanci shawarar ya riƙa amfani da su, balle ya ce wa matar da ba muharramarsa ba nǐ hěn piàoliang. Tarbiyyarmu ba ta canzawa don mun canza harshe, kuma akwai kalmomin da suka fi mutunci: lǎobǎn ga mai shago namiji ko mace, lǎobǎnniáng ga matar mai shago, jiě ga wadda ta ɗan girme ka, āyí ga sa'ar uwa, shīfu ga direba ko mai sana'ar hannu. A yi hattara da xiǎojiě, wato budurwa, ita kaɗai ba tare da sunan iyali ba, domin a wasu yankuna tana da mummunar ma'ana. In an yaba babbar rigarka, xièxie, wato na gode, ta wadatar. Tsofaffi sukan ce nǎli nǎli ko guòjiǎng le, wato an kai ni inda ban kai ba.

Wanda ke son rubuta waɗannan a waya sai ya ƙara allon rubutun Sinanci na Pinyin a saitin wayarsa. Pinyin shi ne tsarin rubuta Sinanci da baƙaƙen boko da ƙasar ta amince da shi a 1958. Ana buga piaoliang ba tare da alamar kari ba, haruffa su fito a zaɓa. Wasalin ü da v ake buga shi, saboda haka měinǚ sai a buga meinv. A duba abin da aka zaɓa kafin a tura, domin kalmomi da yawa suna da sauti ɗaya. Wanda ke hulɗa da Hong Kong ko Taiwan zai ga 麗 a maimakon 丽, harafi ɗaya ne a tsohon salo.

Wuraren koyo suna nan. Akwai Cibiyar Confucius a Jami'ar Ghana da ke Legon tun 2013, akwai a Jami'ar Cape Coast, akwai kuma a KNUST nan Kumasi. Sai dai da Turanci ake koyarwa, kuma da yawan masu sayo kayan nan, maza da mata, a makarantar allo da Islamiyya suka yi karatunsu. Malamin da bai san Hausa ba ba zai taɓa gaya musu cewa karin "kyau" shi ne karin piào ba, zai bar su suna fama da abin da tuni yake a bakinsu. Saboda haka roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne ka ware ɗan gurbi kowane mako, ko da jimla biyar ce, a riƙa kawo Sinancin kasuwa da bayani cikin Hausa. Kuma don Allah a umarci masu tsara shafi su bar alamomin kari a kan wasula da haruffan Sinanci yadda aka aiko su, har da na wannan wasiƙa, domin in aka share su mǎi da mài za su fito iri ɗaya a takarda.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga unguwar Asawase, Kumasi